Ƙyallayen Garin Tumaki

Ranar Juma'a, takwas ga watan Agusta na shekarar 2008, ranar da za a buɗe gasar Olamfik a Beijing, da hantsi ina tsaye a kan kujera a bakin tagar gidanmu da ke hawa na biyar a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, ina tura gorar shanya waje da hannu biyu. Shekarata goma. Yatsuna sun yi fari sun tattare saboda daɗewa a ruwa, bayana yana ciwo, amma zuciyata wasai take, domin a ganina na gyara wata babbar ɓarna kafin kowa ya sani. Ƙyallaye goma ne a kan gorar, kuma ita ce gora ta huɗu. Arba'in ke nan, duk iri ɗaya, suna ɗigar ruwa a kan rumfar mai taliya da ke ƙasa, kowanne da hoton gari ɗaya a jikinsa. Na sauko daga kujerar na ce alhamdulillahi. Ban san da hannuna na kafa wa gidanmu tuta ba, a watan da takardar zaman Abba ta riga ta ƙare, watan da Umma ta ce ko tari za mu yi mu yi shi a hankali.

Ina da shekara shida Abba ya ɗauko mu daga Kano, ni da Umma. Shi ya riga mu zuwa da daɗewa. Yakan ce lokacin da ya fara sauka, baƙaƙen fatar da ke Xiaobei ba su cika sahu biyu ba a sallah, sai Musulmin ƙasar da suka zo daga yamma suna gasa nama da gurasa a bakin hanya. Saboda naman nan na halal mutanenmu suka fara sauka a unguwar, wani ya kira wani, har dogayen benayen suka cika da shaguna tun daga ƙasa har sama. Hawa ɗaya takalma, na bisansa wayoyi, na gaba atamfa da leshi, can ƙurya masu ɗaure kaya suna ta ƙarar salatif daga safe har yamma. Aikin Abba shi ne ya tari baƙo daga gida, ya kai shi masauki, ya bi shi shago shago, sannan ya tabbata kayansa sun shiga kwantena. Ciniki da kalkuleta ake yi. Mai shago ya danna, Alhaji ya kama baki ya danna nasa, mai shago ya girgiza kai ya ce “meyo”, wato babu, Alhaji ya ce “haba lawban”, wato maigida, a yi dariya a sake dannawa. A kan gadar masu ƙafa da ta haye titin Huanshi za ka ji Hausar Kano da ta Damagaram da ta Zangon Kumasi duk a lokaci guda, har ka manta inda kake.

Abin da babu a benayen nan shi ne tuwo. Umma ta fara da tuƙa wa baƙin Abba, kafin shekara ta zagayo kicin ɗinmu da bai fi tabarma biyu ba yana ciyar da mutum arba'in a rana. Kuka da kuɓewa da daddawa a jakar matafiya suke zuwa mana. Ni ce mai tsince shinkafa, mai jajjage, mai wanke kuloli. Kowace kula sai an ɗaure ta da ƙyalle an yi mata maɗauki, don kada ta buɗe a hanya, kuma don kada a gane abinci ne. Wanke ƙyallayen nan da shanya su da ninke su aikina ne ni kaɗai, ba na yarda kowa ya taɓa.

Wani mai masaƙa ne ya ba Abba su kyauta, kwali guda. Irin ƙyallen goge kwanuka ne da aka buga wa wani Bature, za a kai wani ƙaramin gari a ƙasar Wales a sayar wa masu yawon buɗe ido. Rini ya ɓaci, kogin da ya kamata ya fito shuɗi ya fito ruwan ƙasa kamar rafin damina, Baturen ya ce ba ya so. A tsakiyar ƙyallen an zana garin, a gefe kuma rubutu da Turanci da wani yaren nasu. Ni a lokacin ba na iya haɗa dogon Turanci. Yaya Bashir, wani ɗalibin likitanci ɗan Zariya da ke zuwa cin tuwo ranar Lahadi, shi na dama har ya karanta mini. Da ya zo sunan garin ya gwada sau uku yana fesar da yawu, Umma ta ce, “Bashir, kada ka shaƙe a gidana. Garin Tumaki ne, shi ke nan.” Sunan ya zauna.

Har yau zan iya zana garin nan ido rufe. A saman tudu akwai kufan wani gidan yaƙi na dutse, wanda waɗanda suka ci ƙasar da yaƙi suka gina don su sa wa mutanen wurin ido, yanzu rabinsa ya zube, ciyawa ta fito a kan bango. A ƙarƙashinsa kogi ya lanƙwasa, da gadar dutse mai baki uku. Daga gadar titi ɗaya ya miƙe har hasumiya mai agogo, kusa da ita rumfar kasuwa a kan ginshiƙai, inda matan ƙauye ke kawo man shanu da cuku da ƙwai. Bayan rumfar karar tumaki ce. A bakin ruwa akwai masaƙar ulu da ruwan kogin ke juya mata ƙafa. Ko'ina kewaye da garin tsaunuka ne kore shar, an yayyafa musu tumaki kamar gishiri. Rubutun ya ce a da mutanen wurin sukan tara shanu a garin, su kora su da ƙafa makonni har manyan biranen Ingila, kafin jirgin ƙasa ya zo ya kashe sana'ar. Da Abba ya ji haka ya ajiye lomarsa ya ce, “Ka ji fatake! Haka kakana ya yi ta kora shanu zuwa Kurmi, can kudu.” Sai Yaya Bashir ya karanta layi na ƙarshe, cewa wani sarki ne ya rubuta wa garin takarda ya ba su izinin cin kasuwa duk ranar Talata, kuma shekaru ɗaruruwa ke nan kasuwar tana ci a wuri ɗaya. Abba ya yi wata 'yar dariya ya ce, “Takarda ɗaya, shekara ɗaruruwa. Mu tamu ta wata uku ce, ita ma sai an yi layi.”

Makarantarmu falo ne a wani bene, wata mata 'yar Ghana ke koyar da mu, mu goma sha wani abu, manya da ƙanana a ɗaki ɗaya. Filin wasanmu saman benen ne, tsakanin tankokin ruwa. A can muke 'yar gala-gala da alli, muke carafke da 'ya'yan wani ɗan itace mai zaƙi da ake sayarwa a reshe, wani lokaci yaran unguwa su koya mana harbin gashin kaza da ƙafa. Amma wasan da na fi so nawa ne. In shimfiɗa ƙyalle ɗaya, marafan lemo su zama tumaki, in koro su daga tsauni, su haye gada, su shiga kara. Kullum ni ce mai tsaron gada, ina ƙirga su shiga da fita, in ɗaya ya ɓace wasa ya tashi sai an nemo shi. Yaran suna ce mini Rabi sarkin tantama. Ba su yi ƙarya ba. Ina sake alwala sau uku don ban tabbata ruwa ya taɓa diddige ba. In na kulle ƙofa sai na dawo daga hawa na biyu na sake murɗawa. In wani Alhaji bai aiko a karɓar masa tuwo ba, sai in yini ina tunanin ko tsakuwar da na bari a shinkafa ce ta karya masa haƙori. Umma takan ce, “Ke dai Allah ya sawwaƙe miki, kin ɗauki duniya kin ɗora a ka babu gammo.”

Tun kafin damina ta yi nisa a shekarar gasar, unguwa ta canza. Aka daina sabunta takardu kamar da. Wanda tasa ta ƙare sai a ce ya koma ƙasarsa ya nemo wata, kuma waɗanda suka koma ba su dawo ba. Masu bincike suka fara tsayawa a ƙafar gada da bakin tashar jirgin ƙasa. Tsofaffin unguwa suka ɗaura jan ƙyalle a dantse suna zama a bakin lungu suna kallon mai shiga da mai fita. Tawa takardar da ta Umma da sauran 'yan makonni, ta Abba kuwa ta ƙare tun watan da ya wuce. Akwai kayan mutane a hannunsa da ba a gama lodawa ba, ya ce ba zai gudu ya bar amana a sito ba, a jira a gama wasannin, ƙila a sassauta. Ya daina hawa jirgi, sai tasi, ya fita tun da asuba zuwa siton da ke Sanyuanli. Ita ma sana'ar Umma ba ta da izini. Sai ta kafa doka. Ba a soya daddawa taga buɗe. Baƙo ba ya hawowa, sai dai a kai masa. Shanya kuwa a cikin ɗaki, a kan igiya, da fanka, ko da za a kwana biyu ba ta bushe ba. “Komai a ciki, Rabi,” in ji ta. “Kin ji ni? Komai.” Na ce na ji.

Ranar Juma'ar nan Umma ta tuƙa tuwo da wuri ta rufe, ta tafi sayo nama, ta ce in share gida in jera kuloli kafin ta dawo. Na ninke ƙyallayen tsaf a kwando, na ajiye kusa da ƙofa, na ɗan buɗe ƙofar don in fitar da shara. A ƙasanmu akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Apo, mai fara'a, tana da ɗan kare fari mai gashi buzu-buzu. Ina juyowa na gan shi a cikin falonmu, ƙafafunsa biyu a cikin kwando, ƙyalle ɗaya a bakinsa. Na yi ihu. Ya saki ƙyallen ya ruga, kwandon ya kife, komai ya haɗe a ƙasa.

Na durƙusa ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina neman damshin yawu. Duk iri ɗaya ne. Gada ɗaya, agogo ɗaya, kogi ɗaya sau arba'in. Wannan kamar da damshi, wancan ma kamar da damshi, tafin hannuna ma gumi yake. Na tuna abin da na taɓa ji, cewa abin da bakin kare ya taɓa sai an wanke sau bakwai. Na hango mutane sun fito daga masallaci da tsarkinsu, an miƙa musu kula a ɗaure da najasa, sun kama da hannu, sun ci, sun shafa a riga, sun yi la'asar da ita, kuma duk alhakin a wuyana. Na yi tunanin in jira Umma. Sai na ga in ta dawo lokaci ya ƙure, kuma za ta tambayi wanda ya bar ƙofa a buɗe. Na kwashe su duka na zuba a baho. Na wanke na zubar, na wanke na zubar, ina ƙirgawa da babbar murya, da na yi shakkar ko na biyar nake ko na shida sai na koma na biyar. Da na gama na dubi igiyar ɗaki, na dubi agogo. Ba za su bushe ba. A waje rana tana dukan bango kamar wuta, ga gorunan shanya huɗu a jingine bayan ƙofa, wata biyu ba a taɓa su ba. Ban manta dokar Umma ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na auna ne na ga fushin Umma bai kai fushin Allah ba, na ce rabin awa kawai.

Ba a kai rabin awa ba aka ƙwanƙwasa. Maza biyu masu kayan sarki da wata mata mai jan ƙyalle a dantse. Ba su yi mini tsawa ba. Ɗaya ya nuna taga, ya nuna kuloli arba'in da na jera reras a falo, ya buɗe babbar tukunya tururi ya bugi fuskarsa. Ya tambaye ni ina baba, ina mama, ina fasfo. Na ce “meyo, meyo”, ina kuka, ita kaɗai ce kalmar da ta zo mini. Suka zauna a kan kujerunmu suna jira.

Daga baya na ji yadda aka yi. Abba ya sauka daga tasi zai zo ya yi wankan Juma'a. Tun daga kan gada ya ɗaga kai ya ga tagarmu. Wani mai ɗaure kaya ya tare shi a bakin lungu ya riƙe masa riga ya ce, “Alhaji, sun hau. Juya ka koma sito, Hajiya takardarta da rai, za ta ji da su.” Abba ya tambaye shi ko ya ga Hajiya ta dawo. Ya ce bai gani ba. Abba ya ce, “To yarinyata ce kaɗai a ciki.” Ya zare hannun mutumin ya hau. Na ji takunsa tun daga hawa na uku, na san shi ne, a raina ina roƙon Allah ya sa ya wuce ƙofarmu. Ya yi sallama kamar kullum, ya dafa kaina ya ce in je in shigo da shanya. Ina jawo gora ta ƙarshe ya miƙa musu fasfonsa. Umma ta haɗu da su a matakala suna saukowa da shi, ledar nama a hannunta.

Bayan magariba duk benen ya ɗauki sowa, kowane gida ya kunna talabijin ana kallon buɗe gasa. Mu muna zaune da tuwon mutum arba'in da ya sandare a tukunya. Umma ba ta dake ni ba, ba ta zage ni ba. Da na gama ba ta labarin karen cikin shessheƙa, sai ta ce, “Da kin jira ni.” Da ta dake ni da na fi samun sauƙi.

Aka tsare Abba, mu kuma aka ba mu kwanaki mu bar ƙasar. A kwanakin nan na ga abin da har yau in na tuna bakina yake ɗaci. Mutanen da ke kiran Umma uwar marayu, masu cewa tuwonta ne ya hana su mutuwa a ƙasar nan, babu wanda ya tako matakalarmu. In mun haɗu a gada sai su duƙar da kai kan waya. Wani Alhaji da ya shekara biyu yana cin miyarmu ya aiko a karɓo masa kularsa, wai tasa ce ta kansa, mai jan murfi. Na san tsoro suke ji, kowa da irin takardarsa. Na sani, amma sanin bai wanke mini su ba. Yaya Bashir ne kaɗai ya yi ta zirga-zirga yana yi mana tafinta. Sai Apo, da ta hawo da reshen 'ya'yan itace a leda, karenta a hammata, tana ta magana da yarensu tana shafa hannun Umma. Ba ta san komai ba. Na shige banɗaki na kulle har ta tafi.

Abba ya iso Kano bayan mu da makonni, wandonsa yana zamewa, da hatimi a fasfo da ya hana shi komawa. Kayan da ya zauna dominsu wasu sun iso, wasu ba a sake jin labarinsu ba, masu su kuma suka daina amsa masa sallama a kasuwar Kwari. Bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Umma ta kafa tukunya a ƙofar gida, ni na gama aji shida na tsaya a nan, domin tukunya tana bukatar hannu biyu. Sau ɗaya na yi ƙarfin halin ba shi haƙuri. Yana gyara rediyo, bai ɗago ba ya ce, “Rabi, takarda ce ta ƙare, ba ke kika ƙarar da ita ba. Miƙo mini wannan ƙusar.” Na miƙa masa. Har ya rasu bai sake tayar da maganar ba, ni kuma ban taɓa yarda da shi ba.

Bayan na yi aure na shiga Islamiyyar matan aure. Wata rana aka zo babin tsarki, na ɗaga hannu kamar tambayar wata nake yi, na ce idan kare ya ɗauki ƙyalle a baki fa? Malamar ta ce a karatun da muke bi, wankin bakwai na ƙwaryar da kare ya sha ruwa a ciki ne, tufa kuwa babu komai a kanta, in mutum ya ji ƙyama ya ɗauraye wurin. Ta juya shafi ta ci gaba. Matan da ke gefena suna ta rubutu. Ni na zauna ina kallon yatsuna.

Masu zuwa Guangzhou yanzu suna cewa Xiaobei ba kamar da ba ce, an share bakin titi, masu gasa nama sun tashi, da yawa sun koma wasu garuruwa, sauran ciniki ta waya ake yi. Kasuwar da na ɗauka ta fi ƙarfin tashi, ko tsawon ran mutum ɗaya ba ta yi ba a yadda na san ta. Ƙyalle ɗaya ya rage mini cikin arba'in ɗin, ya koɗe, agogon ya kusa gogewa, kogin dai yana nan ruwan ƙasa. Wata Talatar nakan ciro shi in shimfiɗa a kan gado, in ce yanzu haka suna can sun koro tumakinsu ta kan gada, a kan takardar wani sarki da ya daɗe da zama ƙasa, babu mai tare su ya ce su nuna ta. Ban taɓa zuwa garin ba, ko sunansa ban iya faɗa ba, amma na fi kewarsa a kan birnin da na yi shekara huɗu a ciki. Gidana yanzu da tsakar gida mai faɗi, rana har ta yi yawa, maƙwabta suna mini dariya. Har yau a ɗaki nake shanya.